Mil 1,700 tsakaninmu da gida: mu miƙe, ko mu kwana a hanya?

Baban Sadiq (Columbus):
Assalamu alaikum jama'ar gida. Daga garin Cody nake rubuto muku, a jihar Wayomin ta Amurka. Ina zaune a shagon wanki na inji ina jiran kayan yara su bushe, nan ne kaɗai na samu intanet mai ƙarfi. Yau kwananmu goma sha ɗaya da barin Ohayo, ni da Maman Sadiq da yara uku. Mun kafa tanti a Badlands, mun kafa a Black Hills, yanzu kuma kwana huɗu ke nan muna zango a bakin kogin Shoshone, kan hanyar ƙofar gabas ta gandun dajin Yellowstone. Mun ga ruwan zafi yana tsartuwa daga ƙasa ya yi sama kamar hasumiya, mun tsaya rabin awa a kan titi saboda garken ɓauna ya tare hanya. Alhamdu lillahi.

Ga abin da ya kawo ni. Yau Alhamis, kuma ranar Litinin ƙarfe bakwai na safe dole in kasance a wurin aiki. Taswirar waya ta ce tsakaninmu da gida mil 1,700 ne ko kusa da haka, wajen awa 26 na tuƙi zalla. Na yi wa Sadiq alkawarin gobe da sassafe za mu je kwarin Lamar ya ga kyarkeci, tun daga gida abin da yake ta ambato ke nan. Shirina shi ne gobe Juma'a mu je Lamar, Asabar bayan sallar asuba mu naɗe tanti mu miƙe ba tsayawa sai shan mai da salla, mu isa Lahadi da azahar in kwanta. Maman Sadiq tana tuƙi amma ba ta saba da na dare ba, ni zan ja mafi yawa. Gaskiya kuma aljihu ya yi sauƙi, kuɗin otal na kwana biyu zai taɓa ni. Wanda ya taɓa yin irin wannan ya ba ni shawara.

Ɗan Fagge (Houston):
Wa alaikumus salam Yaya. Ka miƙe kawai. Ni sau uku ina yin Houston zuwa Shikago a zama ɗaya, awa goma sha shida, ba abin da ya same ni. Kofi mai ƙarfi, goro idan kana da shi, ka sauke gilashi iska ta riƙa bugunka. Da dare ma ya fi daɗi, hanya fayau, yara suna barci ba mai cewa zai yi fitsari. Direbobinmu na Kano zuwa Legas ai kwana suke yi a kan sitiyari.

Maman Ilham (Minneapolis):
Masha Allah, kun sha tafiya. A gaida min Maman Sadiq da ƙoƙari, wanda bai taɓa girki a kan ƙaramin murhun gas yana kare wuta daga iska ba ba zai san abin da ta yi ba. Amma Baban Sadiq, awa 26 da yara uku a baya? Zuciyata ba ta kwanta ba.

Kawu Direba (Greensboro):
Ƙanena, ka saurare ni da kyau, don wannan hanyar ita ce gonata. Shekara goma sha tara ina jan tirela a ƙasar nan.

Mu da tuƙi ne sana'armu, doka ba ta yarda mu wuce awa 11 a kan sitiyari ba, kuma dole awa 11 ɗin su faɗo cikin awa 14 daga lokacin da muka fara aiki. Bayan nan sai mun huta awa 10 cur. Idan ka yi awa 8 kana tuƙi sai ka tsaya na minti 30. Akwai na'ura a cikin motar da ke ƙirga komai, ba ka isa ka yi mata wayo ba. Mu da muke da gado a bayan kujera, muka saba, jikinmu ya san aikin, an ce mana awa 11. Kai kuma da ka yi kwana goma sha ɗaya kana kwanciya a ƙasa, sanyi yana tashinka tsakar dare, kana son ka yi fiye da ninki biyu da iyalinka a ciki.

Kuma lissafinka akwai gyara. Awa 26 ɗin nan na waya ne, ita waya ba ta shan mai, ba ta salla, ba ta da yaro mai ciwon ciki. Ka ƙara awa huɗu ko biyar. Sannan gabas za ka yi, agogo zai ci maka awa biyu: ɗaya a tsakiyar Dakota ta Kudu kafin ka kai kogin Missouri, ɗaya idan ka shiga Indiyana. Lokacin zuwa an ba ka su kyauta, shi ya sa ka ji ranakun sun yi tsawo. Yanzu za ka biya.

Lamar ɗin ma, daga inda kuke sai kun tashi wajen ƙarfe uku na dare kafin ku riski kyarketai da hudowar rana, ku dawo a gajiye. Wato za ka shiga doguwar tafiyar da bashin barci a kanka.

Shawarata: ku tashi gobe Juma'a. Ku raba ta uku.

Ɗan Fagge (Houston):
Kawu, da girmamawa, dokar tirela daban. Tirela nauyi gare ta. Kuma mutum ya san jikinsa, idan ya ji barci ai sai ya tsaya.

Anti Nas (Baltimore):
Ɗan Fagge, ƙanena, wannan maganar ta ƙarshe ita ce ta sa na ajiye abin da nake yi. Mutum ba ya sanin lokacin da barci ya ɗauke shi. Da yana sani da ba a kira shi ɓarawo ba.

Akwai wani gajeren barci da ƙwaƙwalwa ke sata idan ta gaji, na daƙiƙa uku ko huɗu, wani lokaci ido a buɗe. A Dakota ta Kudu an yarda ka yi gudun mil 80 a awa. A wannan gudun mota tana cin kusan mita 36 a kowace daƙiƙa. Daƙiƙa uku ke nan kun wuce tsawon filin ƙwallo ba kowa a kan sitiyari. Masu binciken barci sun auna cewa wanda ya yi awa 17 idonsa biyu, hankalinsa a kan hanya ya yi daidai da na wanda ke da barasa kashi 0.05 cikin ɗari a jininsa. Idan ya kai awa 24 ya yi daidai da 0.10, alhali iyakar da doka ta sa a yawancin jihohi 0.08 ce. Mu da ko kusa da giya ba ma zuwa, sai mu ɗauki 'ya'yanmu a mota cikin halin da ya fi na mashayi muni, muna ganin ba mu yi laifin komai ba. A New Jersey tun 2003 suka yi doka cewa wanda ya yi awa 24 bai runtsa ba ya yi tuƙi ya kashe mutum, ana iya tuhumarsa da kisa ta hanyar ganganci.

Kofi kuma ba ya biyan bashin barci, ɗage shi yake yi. Sai ya yi kamar rabin awa kafin ya fara aiki, in ya sake ka kuma ya sake ka gaba ɗaya. Sauke gilashi da ƙara sautin rediyo minti kaɗan suke yi. Lokutan da jiki ya fi neman kwanciya su ne daga tsakar dare zuwa asuba, sai kuma bayan azahar. A shirin Baban Sadiq, ƙarfe uku na daren Lahadi zai same shi a tsakiyar gonakin masara, awa ashirin da wani abu bai kwanta ba.

Ni aikin dare nake yi a asibiti. Wata safiya ina komawa gida, tafiyar minti ashirin kacal, na farka na ga motata ta hau kan ciyawar gefen titi. Ban san lokacin da na bar layina ba. Har yau idan na bi ta wurin sai gabana ya faɗi.

Ɗan Fagge (Houston):
Subhanallah. Allah ya ƙara tsarewa Anti. Amma ni fa abin da nake dubawa alkawarin yaro ne da kuɗin otal. Kuma ai akwai hadisin da ya ce tafiya yanki ce ta azaba, idan mutum ya gama buƙatarsa ya gaggauta komawa ga iyalinsa.

Malam Abu Hafsa (Bronx):
Hadisin ingantacce ne, Abu Huraira ya ruwaito shi, yana cikin Buhari da Muslim. Amma ka duba lafazinsa, ɗana. An ce tafiya tana hana ɗayanku abincinsa da abin shansa da barcinsa, idan ya biya buƙatarsa ya gaggauta zuwa ga iyalinsa. Baban Sadiq iyalinsa suna kujerar baya. Wurin wa zai gaggauta?

Akwai wani hadisin da ya fi dacewa da halin da yake ciki. Lokacin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake dawowa daga Haibara, sun yi tafiyar dare har gyangyaɗi ya kama shi, sai ya sa aka yada zango. Ya ce wa Bilal ya tsare musu daren. Bilal ya yi salla gwargwadon abin da ya samu, da asuba ta gabato ya jingina da abin hawansa yana fuskantar gabas, sai barci ya rinjaye shi. Ba wanda ya farka sai da rana ta buge su. A hanyar komawa gida ne wannan ya faru, kuma mafificin halitta da ya ji barci tsayawa ya yi. Bilal da aka ɗora wa amanar tsaro, da duk himmarsa, ido ya ci amanarsa.

Tunda an zo nan, bari in taɓa maganar salla. Idan da kun yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a zangon nan, a mazhabar Malikiyya cikawa ya kamata ku riƙa yi. Da zarar kun kama hanyar gida kun koma matafiya: azahar, la'asar da lisha raka'a bibbiyu, magariba da asuba yadda suke. An kuma yi muku sauƙin haɗa azahar da la'asar, da magariba da lisha. Kuna nan a kan kasaru har ku iso gidajen garinku. Juma'a ba ta wajaba a kan matafiyi ba, don haka kada tashi gobe ya dame ka. Alƙibla a wannan yankin arewa maso gabas take, kada ka fuskanci inda rana ke fitowa kai tsaye.

Baban Sadiq (Columbus):
Na gode Malam, na gode Anti, na gode Kawu. Jikina ya yi sanyi. Kawu, in na raba ta uku, a ina da ina zan kwana? Kuma ta wace hanya zan haye dutsen? Da za mu zo ta arewa muka biyo.

Kawu Direba (Greensboro):
Daga Cody ka bi ta Greybull, Worland, Ten Sleep, ka haye tsaunukan Bighorn ta hanya mai lamba 16 ka sauka a Buffalo, nan za ka hau babbar hanyar I-90. Ƙololuwar hanyar ta haura ƙafa 9,600. Wajen gangarowa kada ka ɗora ƙafa a kan birki ka bar ta, motarka cike take da kaya, birki zai yi zafi ya daina kamawa. Ka sa ta a ƙaramar giya injin ya riƙe ta. In ka ji warin ƙauri ka samu fili ka tsaya. Kuma da safe kafin ka tashi, tayoyi suna sanyi, ka auna iskarsu har da safaya.

Gobe ka yi ƙoƙari ka kai Chamberlain, bakin kogin Missouri, wajen mil 600. Ita ce rana mafi tsawo, gara ka yi ta da sauran ƙarfinka. Kada ka sa ran kwana a kusa da Rapid City. Farkon Agusta ne, lokacin taron masu babura na Sturgis, dubban ɗaruruwa suke zuwa, ɗaki ya yi tsada kuma babura ko'ina. Ka riƙa duba madubi sau biyu kafin ka canja layi.

Jibi daga Chamberlain zuwa Sioux Falls, ka gangara kudu ka kama I-80, ka ratsa Des Moines ka kwana wajen Iowa City. Lahadi ka bi I-74 ta Peoria zuwa Indianapolis, sai I-70 ta kai ka ƙofar gida. Kowace ɗaya ba ta kai mil 550 ba. Ka kauce wa Shikago, cunkoso da kuɗin hanya kawai za ka tarar.

Abu ɗaya kuma: a Wayomin da yammacin Dakota, in tankinka ya kai rabi ka sha mai. Akwai inda za ka yi tafiya mai nisa ba ka ga gidan mai ba, waya ma ba ta kamawa.

Maman Ilham (Minneapolis):
Batun kuɗi, ba dole sai otal ba, tunda tantinku na nan. Akwai wuraren zango a bakin kogin a Chamberlain, kuɗinsu bai kai na otal ba. Sai dai in faɗa muku abin da ya same mu lokacin da muka dawo daga gandun dajin Glacier. Mun ce za mu kafa tanti a daren ƙarshe don mu rage kashe kuɗi, muka isa ƙarfe goma na dare, ga sauro, ga yara suna kuka, maigida yana buga turaku da fitilar waya a baki. Kafin mu kwanta sha biyu ta wuce, da asuba kuma ga naɗewa. Barcin da muka je nema ba mu same shi ba. In za ku kafa, ku isa da sauran rana. Kuma tun yau ku ware jaka ɗaya ta kwanan hanya, da kayan barci da buroshi da kayan sawa na gobe, ku sa ta a sama. Kada ku zo kuna sauke but gaba ɗaya a cikin duhu.

Ragowar itacen wuta kuma ku bar shi a nan, kada ku ɗauko. Ana hana yawo da shi daga jiha zuwa jiha saboda ƙwarin da ke ɓuya a cikinsa suna kashe itatuwa. Ku mutanen Ohayo kun ga yadda wani koren ƙwaro ya cinye muku itatuwa.

Ɗalibi (Iowa City):
Assalamu alaikum. Ban cika magana a nan ba, amma na ga an ambaci garinmu. Yaya Baban Sadiq, daren Asabar kada ku nemi otal. Ina da falo da ɗaki ɗaya, abokin zamana ya tafi hutu. Anti da yara su shiga ɗaki, ni da kai mu kwana a falo. Ina da garin tuwo da kuka da daddawa da aka kawo min daga gida. Zan turo maka lambata ta akwatin sirri.

In kun iso da wuri kuma, Cedar Rapids tafiyar rabin awa ce daga nan. Akwai wani ƙaramin masallaci fari da aka gama ginawa a 1934, 'yan ƙaura daga Sham da Labanan suka gina shi, ana ce masa Uwar Masallatan Amurka. Yana cikin unguwa tsakanin gidaje, in ba a nuna maka ba sai ka wuce shi. Sadiq zai samu abin ba da labari a makaranta.

Baban Sadiq (Columbus):
Allahu Akbar. Ƙanena, ban san me zan ce maka ba. Allah ya saka da alheri, ya ba ka sa'ar karatu. Ga Maman Sadiq tana son ta yi magana.

Assalamu alaikum, Maman Sadiq ce. Na gode muku ƙwarai. Tun shekaranjiya nake son in ce masa shirin nan bai kwanta min ba, amma na ga yadda ya ƙwallafa rai a kan alkawarin yaron, kuma na san yana lissafin kuɗi a ransa ba ya faɗa. Ni na ga idonsa, ya faɗa. Jiya yana hura wuta na ga yana gyangyaɗi a tsugune. Na yi magana da Sadiq yanzu, ya yi kuka kaɗan, sannan ya ce to a yi masa alkawarin za a dawo. Zan karɓi tuƙi da rana in sha Allahu, in dai hanya miƙaƙƙiya ce. Ku sa mu a addu'a.

Anti Nas (Baltimore):
'Yar uwa, Allah ya yi miki albarka. Ki karɓe shi bayan kun ci abincin rana, lokacin ne ya fi haɗari. Kuma wanda ke kujerar gefe kada ya yi barci sai in an yi shawara. In kin ga yana yawan hamma, ko yana murza ido, ko kin tambaye shi allon da kuka wuce yanzu ya kasa faɗa, kada ki tambaye shi ko ya gaji, cewa zai yi a'a. Ki ce ke kina son tsayawa.

Ɗan Fagge (Houston):
To shi ke nan, na ji. Ni kaɗai nake tafiyata, ban taɓa lissafa ta da yara a baya ba. Amma har yanzu ina ganin da an bar yaron ya ga kyarkecinsa, a kira wurin aiki a nemi Litinin.

Baban Sadiq (Columbus):
Na gwada tun kafin mu taso, hutuna ya ƙare ƙaf. Wanda ya riƙe min aiki shi ma ranar zai tafi nasa.

Kawu Direba (Greensboro):
Ɗan Fagge, ka kawo maganar direbobin Legas ɗazu ban amsa ba. Ka tambayi duk wanda ya daɗe a tasha su nawa ya sani da suka tafi ba su dawo ba. Ba ƙarfi ne ya sa suke kwana a hanya ba, mai mota ne ke jiran kuɗinsa.

Abin da na lura da shi a shekarun nan, masu dawowa daga hutu sun fi ba ni tsoro a kan masu tafiya. Mai tafiya yana ɗoki, yana tsayawa ɗaukar hoto, idonsa a buɗe. Mai dawowa zuciyarsa ta riga shi isa gida, gangar jiki kawai ya bari a mota. Wata asuba a Nebraska, a kan I-80, na tarar da wata mota ta kife a cikin ramin da ke raba hanya. Titi a miƙe kamar an ja zare, ba ruwa, ba kwana, ba wata motar. Kayan zango ne warwatse a kan ciyawa, kujerun naɗewa, kula ta fashe ƙanƙara ta zube, ga wani ɗan ƙaramin takalmi ja. Motar asibiti ta riga ni zuwa. Ban san abin da ya same su ba, amma na yi kwanaki takalmin nan yana dawo min.

Hanyoyin nan an yi su ne don sauri, shi ya sa suke sa barci. A 1919 ayarin motocin soja ya yi kwana 62 daga Washington zuwa San Francisco, Eisenhower yana cikinsu yana matashin hafsa. Shi ne da ya zama shugaban ƙasa ya sa hannu a dokar gina manyan hanyoyin a 1956. Yanzu abin da ya ci wata biyu muna jin haushi in ya ci mana kwana uku.

Baban Sadiq (Columbus):
Juma'a. Mun sauka Buffalo lafiya. Kawu, na yi yadda ka ce, ƙaramar giya har ƙasa. A saman dutsen sai da muka sa rigunan sanyi, yanzu kuma zafi. Sadiq bai yi magana da ni ba tun safe, yana kallon taga.

Malam Abu Hafsa (Bronx):
Ka ƙyale shi, zai huce. Allah ya kai ku lafiya.

Baban Sadiq (Columbus):
Mun iso Chamberlain, rana ba ta faɗi ba amma saura kaɗan. Babura kam mun gan su kamar fari. Mun tsaya a wurin hutawar matafiya da ke kan tudu, inda aka kafa mutum-mutumin wata mace 'yar asalin ƙasar nan mai tsawon ƙafa 50, ta baza mayafi a bayanta, kogin yana ƙasa. Nan muka haɗa azahar da la'asar a kan ciyawa. Tanti ya tashi cikin minti goma sha biyar, yanzu yara sun ƙware. Maman Ilham, jakar kwanan hanya ta yi amfani.

Maman Ilham (Minneapolis):
Alhamdu lillahi. Ku kwanta da wuri, ku ajiye wayar.

Baban Sadiq (Columbus):
Asabar. Jama'a, dole in faɗa muku wannan. Bayan mun ci abinci mun hau I-80, Maman Sadiq ta ce in ba ta, na ce bari in ƙara awa ɗaya tunda garau nake ji. Jiya na yi barcin awa bakwai. Masara dama, masara hagu, rana tana dukan gilashi, yara sun yi shiru. Ina tuna ina kallon bayan wata farar tirela. Abin da na ji bayan nan shi ne ƙarar gurzar nan ta gefen titi a ƙarƙashin taya, gurrr, da muryarta tana kiran sunana na yanka, wanda ba ta taɓa kira a gaban yara ba. Tayoyin dama sun riga sun tsallake farin layi.

Na fita a mafita ta gaba, na tsaya a gidan mai, hannuna yana rawa na kasa zare makulli. Da rana tsaka ne fa, bayan na yi barci. Ina ta tunanin da shirina na farko na bi, ƙarfe uku na dare, ita ma tana barci.

Ita ta ja mu har Iowa City.

Anti Nas (Baltimore):
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Alhamdu lillahi da Allah ya tsare. Bashin kwana goma sha ɗaya ba ya biyuwa a dare ɗaya. Gobe ku riƙa karɓeɓeniya duk awa biyu, ko kana jin garau ko ba ka ji.

Ɗan Fagge (Houston):
Yaya, ka yafe min shawarar da na ba ka. Wallahi tun da na karanta nake zaune shiru.

Baban Sadiq (Columbus):
Ba komai ƙanena, abin da nake son ji ka faɗa min, shi ya sa na yi tambayar tun farko. Kai ma ka daina na Shikagon nan a zama ɗaya.

Ɗalibi (Iowa City):
Baƙina sun iso, sun ci tuwo, duk sun yi barci tun kafin tara. Cedar Rapids ba ta samu ba, gajiya ta yi yawa, mun bar ta sai wani zuwan. Ƙaramar ta yi barci da loma a hannu.

Malam Abu Hafsa (Bronx):
Allah ya yi maka albarka ɗana, ka yi abin da aka san mu da shi. Baban Sadiq, in kun hango garinku gobe ku karanta abin da Annabi yake faɗa idan ya dawo daga tafiya: Ayibuna, ta'ibuna, abiduna, li Rabbina hamidun. Muna masu komowa, masu tuba, masu bauta, masu godiya ga Ubangijinmu. Kuma ya kasance yana fara sauka a masallaci ya yi raka'a biyu.

Baban Sadiq (Columbus):
Lahadi. Mun shigo gida ƙarfe shida da rabi na yamma. Mun karanta addu'ar tun daga inda dogayen gine-ginen gari suka fara bayyana, har yara. Na biya masallacin unguwa na yi raka'a biyun kafin in sauke kaya. Na gode muku ɗaya bayan ɗaya, Allah ya bar zumunci.

Wani abu kuma da ban zata ba. Tun Indiyana nake ɗokin gadona, amma da na buɗe ƙofa na ji gidan ya yi min ƙunci, rufin ya yi ƙasa-ƙasa, ga ƙarar firji. Na tsaya a tsakar falo ban san abin da zan fara yi ba. Ko akwai wanda ya taɓa jin haka?

Maman Ilham (Minneapolis):
Sannunku da hanya! Kowa yana ji. Ni sai da na yi mako ina farkawa da asuba ina neman zif ɗin tanti. Kwana goma sha huɗu kuna wuri ɗaya ku biyar, kuna cin abinci a kwano ɗaya, yanzu kowa zai shige ɗakinsa. Zai wuce, amma ba duka ba.

Kafin ka kwanta dai ka fito da tantin ka shanya, ko a kan mota ne. Da raɓar bakin kogi kuka naɗe shi jiya, in ya ƙara kwana biyu a jaka zai yi fumfuna, warin kuma ba ya fita. Kular ma a zubar da ruwan a bar ta a buɗe.

Baban Sadiq (Columbus):
Na shanya shi a bayan gida, na ɗora a kan igiya da kujeru biyu. Har yanzu ƙamshin hayaƙin itace yake yi. Na shiga wanka na fito ban ga Sadiq ba, ashe ya ja bargonsa ya shige ƙarƙashin tantin da taswirar Yellowstone da aka ba mu a ƙofa. Ya zagaye Lamar da jan biro. Ya tambaye ni wata nawa ya rage kafin hutun baɗi, na ce goma sha ɗaya. Ya ce to a bar shi ya kwana a nan yau. Uwarsa ta ce sai dai in da ni, ga shi ina neman filo.